Akwatin Mashigin Kuka da Sunan Ɗan Barira

Ku gyara zama, ga ta nan ta iso gare ku. Wannan ta mutane ce masu jini a jika, kuma wanda ya san gyangyaɗi zai yi ya tashi tun yanzu, don a ƙarshenta akwai shari'a, kowa sai ya buɗe baki.

Wasu 'yan'uwa ne maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'arsu ɗaya, rubuta manhaja, shagonsu ma ɗaya a cikin gari. Babban shi ne Lurwanu, mutum mai gaskiya amma zuciyarsa a kusa take, in ya yi maka gyara sai ka ji kamar mari. Mai bi masa Mudi, kai kamar aska, aiki kuwa sai ranar da ya ga dama. Autansu Tasi'u, shi ne mai ƙafa, shi ke hawa babur ya shiga ƙauyuka yana ɗaura na'urori. Suna da 'yar'uwa mace guda, Barira, tsakanin Mudi da Tasi'u take. Tana aure a Tungar Bagaruwa, can ƙasa a bakin kogi, gidan wani manomin shinkafa da ake kira Ɗan'asabe. A wannan daminar cikinta na fari ya tsufa. Da iyayensu na raye da tuni ta taho gida goyon ciki, to babu su, ga hanya ta lalace, ungozoma kuma ta ce cikin nan ba zai ɗauki girgizar babur ba. Sai ta zauna a Tunga.

Tungar nan ruwa ya saba cin ta, kuma ba ruwan samanta ke cin ta ba. Sai a tafka mamako can sama wajen duwatsu, su a nan rana tana ƙwallewa, kogi ya taso musu babu sallama. Shi ya sa wata ƙungiya ta kakkafa akwatuna a gaɓar kogin, kowanne da ma'aunin ruwa da layin waya a cikinsa. In ruwa ya wuce ƙima, akwati ya kira wayoyin mutanen ƙasa, murya ta ce musu su hau tudu. A cikin akwatunan akwai wani tsoho a Mashigin Kuka, ya fi kowanne nisa can sama. Shi ne mai amfanin gaske, don shi ke ganin ruwa tun da sauran lokacin da mace za ta goya yaro ta kwance akuya. Sauran in sun yi kira, ruwa ya riga ya kai ƙofar gida.

A shekarar aka canza tsarin layukan waya, tsohuwar manhajar akwatunan ta daina kira. Ƙungiya ta ba 'yan'uwan nan aikin rubuta sabuwa, damina kuwa ta riga ta kankama.

Yanzu ku buɗe kunne, wanda bai gane wannan ba ba shi da bakin magana a ƙarshe. Manhaja ba ta zuwa da komai nata. Kamar mace ce da aka ɗauko girkin biki a gidan wasu: ta zo da hannunta da iyawarta, amma turmi da tukunya da murhu na gidan za ta tarar. Kayan nan da na'ura take da su tun asali, manhaja ta ara ta yi aiki, su ake kira laburare. Kowace na'ura da irin nata, na wata sabo, na wata tsoho, wata ma babu. Don haka kafin a harhaɗa manhaja domin wata na'ura, akwai binciken da ake fara yi mata, kina da kaza, kina da kaza. Yawancin masu wannan aiki suna kawai suke tambaya, da an ce akwai sai su wuce. Lurwanu ba haka ya rubuta nasa ba. Nasa binciken sai ya sa laburare aiki ya gani. In na kiran waya ne, to ya buga kira ɗaya a ji ya shiga. Mai girkin ƙwarai ba ta tsayawa a kan an ce mata akwai tukunya, sai ta zuba ruwa ta ga ko tana yoyo.

A kwamfutocin shago bincike ya wuce lafiya. Sababbin akwatuna ma akwai irinsu guda a shago, aka gwada, ya wuce, aka tura musu. Da aka zo kan tsohon akwatin Mashigin Kuka sai abu ya tsaya cik. Ginin cikinsa daban ne, babu irinsa a shago, babu irinsa a kasuwa. Ana iya tura masa manhaja daga nesa ya karɓa ya haɗiye, amma ba a iya yi masa tambaya sai an je an jona masa waya a jiki. Binciken Lurwanu ya ce shi daga nan ba shi da yadda zai gwada, kuma ba zai ce akwai a kan abin da bai gani ba. Ya hana harhaɗawa.

To, akwai wani wuri da mutum zai iya rubuta amsa da hannunsa, ya ce akwai, bincike ya tsallake. A kan wurin nan gidan Malam Shitu, mahaifinsu, ya kusa rabewa uku.

Mudi ya ce, "Yaya, layi ɗaya ne fa. In rubuta masa akwai, mu tura, mu tashi mu ci abinci."

Tasi'u ya ce, "Ni na ɗaura akwatin nan da hannuna. Na ga sunan laburaren da idona, yana ciki."

Lurwanu ya dube shi sama da ƙasa. "Suna ka gani. Ka ga ya kira wani?"

"Wato ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba, na ce ba ka sani ba. Da maƙaryaci ne kai da na fi samun sauƙi."

Mudi ya juyo da kwamfutarsa. "Duba nan, a wajena yana aiki sumul."

"To ɗauki kwamfutar taka ka kai bakin kogi ka dasa. A cikinta Barira take kwana?"

Mudi bai ɗaga murya ba, shi ya sa tasa ta fi zafi. Ya ce, "Yaya, duk ranar da ka hana mu turawa, Tunga tana zaune babu mai kiranta. In ruwa ya sauko yau, binciken naka ne zai goya ta?"

Maganar nan ta shiga Lurwanu har ƙashi, don gaskiya ce, kuma mai zuciya ba abin da ya tsana kamar gaskiya daga bakin ƙaninsa. Ya buga tebur, ya ce duk wanda ya taɓa layin nan ba shi ba shi har abada. Bai tsaya nan ba, ya sa wa aikin makulli, yadda ba mai iya tura komai sai da hannunsa. Shugaban ƙungiya ya kira ya ce in sun kasa su faɗa a ba wasu, Lurwanu ya ce masa ya ba wanda ya ga dama, amma duk wanda ya rubuta akwai bai gani ba, alhakin rayuka na wuyansa. Mudi ya kwashe kayansa ya bar shagon. Tasi'u da aka ce ya je ya gwada, ya ce ai shi ba a yarda da idonsa ba, a aiki wanda aka yarda da shi. Lurwanu ya nemi mota da kansa, direba ya ce gada ta karye, ko nawa za a ba shi ba ya zuwa. Shi kuma ko keke bai iya ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Mutanen da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya, ga shi kowa na aikawa a kai masa nasa ɗaki. Lurwanu in ya fito ya hango hadari ya haɗu wajen duwatsu sai ya koma ciki ya huce a kan wanda ya fara gamuwa da shi. Tsoro ne ke cin sa, amma da ya ce wa ƙannensa yana jin tsoro gara ya haɗiye garwashi. Ya kira Ɗan'asabe ya ce su koma tudu tun yanzu. Ɗan'asabe ya ce, "Yaya, mu zauna a fili har yaushe? Damina fa da sauranta. In akwati ya kira za mu tashi." Bai san akwati ba ya kira ba, Lurwanu kuma ya buɗe baki zai faɗa masa dalili, girman kai ya hana shi, ya ce kawai su yi hattara, ya kashe waya.

Wata safiya Tasi'u ya shigo shago da jaka a baya. Bai gaida Lurwanu ba. Ya ce, "Zan je. Ba don kai ba, sai don in dawo in ga yadda za ka kalle ni." Ya naɗe kwamfuta cikin leda ya hau babur.

Abin da ya gani a hanya sai dai a ba ku kaɗan. Inda gada ta karye ya yi ƙoƙarin tsallakawa ta mashigin shanu, ruwa ya kwashe babur ɗin, babur ɗin da shi ne abincinsa, yana ji yana gani. Ya ɗora jaka a ka ya fita da ƙyar. Ya taka da ƙafa cikin laka, wani tsohon ƙarfe ya farka masa tafin ƙafa, ya yage hannun rigarsa ya ɗaure ya ci gaba. Ya sami mai kwale-kwale ya roƙe shi, mutumin ya ce zai kai shi amma ba zai kai faɗuwar rana yana jira ba. Haka ya iso Mashigin Kuka, ya hau dakalin da akwati yake, ya buɗe, ya jona masa kwamfuta, ya saki binciken Lurwanu a jikin akwatin kansa. Ya ba shi lambar wayarsa don ya kira.

Laburare ya amsa ya ce ya kira. Waya tana hannun Tasi'u, shiru. Ya sake, ya ce ya kira, shiru. Ashe a irin wannan tsohuwar na'ura sunan ne kawai iri ɗaya. Wajen kiran an bar shi fanko, duk abin da aka sa shi sai ya ce to, ya zauna. Da an rubuta akwai an tura, da fitilar akwati za ta yi ta haske, kowa ya kwanta da daɗin rai, ranar da ruwa ya sauko ya ce to, ya yi shiru.

Tasi'u ya kira Lurwanu. Ya ce, "Yaya, ba ya aiki."

Kuna tsammanin Lurwanu ya ce masa sannu, ya ƙafa, ya hanya? Bai ce ba. Ya yi ta faɗa, na gaya muku, na gaya muku, har sai da Tasi'u ya ce, "Na ji. Cajin kwamfuta na tafiya, mai kwale-kwale na kallon rana. Me zan yi?" A nan Lurwanu ya bar faɗa ya duƙa kan aiki. Ya gwada tura sabon laburare, cikin akwatin ya yi masa kaɗan. Ya gwada rage shi, ya ƙi. Gane tukunya na yoyo daban, liƙe ta daban, shi kuwa na farkon kaɗai ya iya. Mutum ɗaya ya sani da ya san cikin tsofaffin na'urorin nan, wanda ya ɓata shekaru yana kwance su yana ɗaurawa, shi Lurwanu yana ce masa mai tsince-tsincen bola.

Ya sami Mudi a rumfar mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Bai ba shi haƙuri ba, ya ce, "Tashi."

Mudi ya kurɓi shayi. "Ni da nake neman kashe mutane? A nemi masu hankali mana."

"Tasi'u na can. Fanko ne. Na kasa."

Mudi ya dube shi, don tunda aka haife shi bai taɓa jin kalmar nan ta ƙarshe daga bakin yayansa ba. Ya ajiye kofi ya tashi. Da suka isa shago bai nemi laburare ba sam. Ya rubuta wata 'yar hanya siririya da manhaja za ta yi magana kai tsaye da ɓangaren da ke riƙe da layin waya, da yaren da ɓangaren nan kaɗai yake ji, wanda Mudi ya haddace tun yana wasa da bola. Ya gyara tsarin yadda in laburare ya faɗi gwaji sai a bi ta wannan hanya. Lurwanu ya ce ita ma sai an gwada ta. Mudi ya ce, "Ka ji shi kuma." Aka tura wa Tasi'u ta waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Bincike ya ƙi ta. Mudi ya zagi bincike, ya zagi wanda ya rubuta shi a gabansa, ya duƙa ya gano inda ya yi tuntuɓe, ya gyara, ya sake turawa. Mai kwale-kwale ya riga ya kwance igiya, cajin kwamfuta ya kusa ƙarewa, sai waya ta yi ƙara a hannun Tasi'u. Ya ɗauka, murya ta ce masa wannan gwaji ne.

Tasi'u ya dawo gida ba babur, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ba wanda ya gode wa wani. Kwano uku aka ci gaba da fitarwa.

Ba a jima ba, wata rana da hantsi, sama tas babu ko ɗigon girgije, wayoyin Tungar Bagaruwa suka ɗauki ƙara a tare. Murya ta ce ruwa ya sauko daga Mashigin Kuka, a hau tudu. A safiyar nan naƙuda ta kama Barira. Tsofaffin gidan suka ce ba a ɗaga mace a kan gwiwa saboda maganar waya, ga rana tana dukan kowa. Ɗan'asabe ya ɗaura shanu a amalanke, ya shimfiɗa katifa, ya ɗauke ta ita da ungozoma ya nufi makarantar firamare da ke kan tudu. Ganin haka sauran gari suka biyo, da awaki, da buhuna, da tsofaffin da ke mita. Da la'asar kogi ya iso. Ya ci gidaje, ya ci rumbuna, ɗakin da Barira take kwance da safe ko jinkarsa ba a gani. Rai ko ɗaya bai tafi ba. Kafin rana ta faɗi ta sauka lafiya a cikin aji, namiji.

Ana gobe suna 'yan'uwan suka iso tudun a kwale-kwale ɗaya, kowa na kallon nasa gefen ruwa. Ɗan'asabe ya durƙusa ya gaida manyan biyu, ya juya ga Tasi'u, abokin wasansa, ya ce, "Gurgu, an ce ka yi wa kifaye kyautar babur. Sun iya tuƙi kuwa?" Sannan ya gyara fuska ya ce shi ruwa ya cinye masa komai, ba shi da abin da zai ba kowa sai abu ɗaya. Yaron nan har yanzu bai yi masa huɗuba da suna ba. Ya yi alkawari tun a kan amalanke cewa sunan wanda ya yi sanadin kiran nan zai sa masa. Su faɗa masa wane ne.

Lurwanu ya gyara zaman hula, don shi a ransa magana ta ƙare. Sai ya ga Mudi ma ya gyara tasa, Tasi'u kuma ya miƙe ƙafarsa mai ciwo inda kowa zai gani. Wuta ta sake tashi a gaban surukai, a gaban mutanen da ba su da rufin kwana. Wannan kam ko ni da nake ba ku labari raina ya ɓaci da su. Aka leƙa wajen Barira ko za ta raba, to ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta sa baki a zancensa ba, ta juya fuska ga bango. Aka ce a haɗa sunayen, liman ya ce yaro ɗaya suna ɗaya. Mutanen tudu suka rabu.

Masu bayan Lurwanu suka ce da bai tsaya ƙyam ba, da an rubuta akwai an tura, da ba wanda zai je, ba wanda zai gyara, da akwati ya yi shiru da hantsin nan. Shi kaɗai ya ƙi, ƙannensa biyu da shugaban ƙungiya duk suna kansa. Aka ce musu haka ne, amma ya bar gari kwana da kwanaki babu mai kira, bai ma gaya wa mijin ƙanwarsa ba, Allah ne kawai ya riƙe ruwan. Kuma da aka gano ciwon, bai iya maganinsa ba.

Masu bayan Tasi'u suka ce bincike a shago takarda ce kawai, sai da wani ya ɗauke shi a ka ya ratsa ruwa da shi. Shi ya rasa abin hawansa, shi ya zubar da jini, shi ya kira da bakinsa ya ce abin da na rantse a kai ba haka yake ba, wanda ba kowane namiji ke iyawa ba. Aka ce musu haka ne, amma shi ya fara cewa na gani da idona, a kan maganarsa Mudi ya dogara, kuma ya zauna yana fushi kwanakin da ya kamata a ce yana hanya.

Masu bayan Mudi suka ce ƙin Lurwanu da tafiyar Tasi'u duk abin da suka haifar shi ne sanin cewa akwati ba ya kira. Sani kuwa ba ya buga waya. Muryar da ta tashi garin nan, ta hanyar da Mudi ya rubuta ta biyo, kuma ya tashi daga shayinsa ba tare da an ba shi haƙuri ba. Aka ce musu haka ne, amma shi ne ya so a rubuta ƙarya tun farko, kuma hanyar tasa ma da karkatarta ta fara fitowa, binciken da yake zagi shi ya kama ta.

Ga rago a ɗaure da turken tutar makaranta, ga goro an jiƙa, wanzami ya wasa aska, liman zai zo da safe ya tambayi uban yaro. Ni kuwa ba zan rufe muku ita ba, a hannunku na bar ta. Kada wanda ya ce mini duk sun yi ƙoƙari, wannan amsar ragwaye ce, yaro ba ya amsa suna uku.

To, tsakanin Lurwanu da ya ƙi, da Tasi'u da ya je, da Mudi da ya gyara, sunan wa za a raɗa wa ɗan Barira?